Masu dariyar "digirin tattabara", ku tsaya mu yi magana

Jama'a barkanmu da war haka. Tun shekaranjiya wata magana ke cina a rai, na ce bari dai in zauna in rubuta ko zan samu sa'ida. Wata ƙanwata ce a harkar karatu, ba ciki ɗaya muka fito ba amma yaya take ce min, ta gama digiri na biyu a soshiyoloji wato ilimin zamantakewar al'umma, yanzu tana so ta yi digirin digirgir a kan zaman mutanen birni da dabbobin da ke cikinsa, karnukan titi da tattabarai da ɓeraye da jakunan dako da sauransu. Ta ce min "Yaya, duk wanda na faɗa wa sai ya kwashe da dariya, har wani malami ya ce in dabba nake so in koma wajen likitocin dabbobi in bar musu difatmen ɗinsu." Wallahi raina ya ɓaci, don yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa kuma tambayar da ta ɗauko babba ce, kawai dai mutane basu tsaya sun duba ba.

Dariyar nan ba yau aka fara ta ba. Tun asali manyan fannin sun ja layi ne suka ce mu mutum kaɗai muka sani. George Herbert Mead na jami'ar Chicago ya tsaya a kan cewa tunda dabba bata da harshe to bata da irin sanin kai da ake gina zamantakewa a kansa. Abokin aikinsa Robert Park, wanda rubutunsa na 1915 a kan birni ya zama tushen nazarin birane, daga wajen masu nazarin tsirrai da halittu ya aro kalmomin da ya bayyana birni da su, amma da ya zo zana birnin nasa sai ya zama mutane ne zalla a ciki, alhali a lokacin dawakai ne ke jan kaya a titunan. Sai a 1979 wani mai suna Clifton Bryant ya fito ya yi wa 'yan fanninsa faɗa a rubuce cewa sun rufe ido ga abin da ke gabansu, kuma ƙungiyar masana soshiyoloji ta Amurka bata amince da sashen dabbobi da al'umma ba sai 2002. Kun ga kenan waɗanda suka fara sun sha irin dariyar da ƙanwata take sha.

To yanzu mu ɗauki tattabarar da ake mata gori da ita. Akwai wani farfesa a jami'ar New York, Colin Jerolmack, da tattabara ya gina sunansa, littafinsa a kanta ya fito a 2013. Abin da ya yi shine ya bi rubuce-rubucen jaridar New York Times tun daga 1851 har 2006 yana duba yadda ake maganar tsuntsuwar nan. Da can ana tausayinta ne har ana kare ta daga masu harbi, sannu a hankali sai ta koma ƙazanta, har a 1966 kwamishinan lambunan shaƙatawa na birnin, Thomas Hoving, ya kira ta ɓera mai fukafukai, sunan ya bi ta har yau. Tattabara dai bata canza ba, ita ce dai wadda mutum ya kiwata dubban shekaru, wadda Reuter, wanda ya kafa kamfanin dillancin labarai na Reuters, ya riƙa aika labaran kasuwa da ita tsakanin Aachen da Brussels a 1850, wadda ta kai saƙo a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Asalinta a jikin duwatsu take sheƙa, da ta ga dogayen gine-gine sai ta ɗauke su duwatsu ta zauna abinta. Tunanin masu birni ne ya canza, aka wayi gari ana ganin titi na mota ne da mai saye da sayarwa, duk abin da ya tsaya a wurin ba da izini ba ya zama datti. Kuma ku lura da kyau, kukan da ake yi da tattabara a irin waɗannan wurare yawanci tare yake tafiya da kukan da ake yi da masu kwana a titi, harshe ɗaya ne, magani ɗaya ake nema musu, a kora a share. Landan ta hana ciyar da su a dandalin Trafalgar a 2003, Venice ta yi haka a dandalin San Marco a 2008, masu sayar da hatsin tsuntsaye da suka gaji sana'ar suka rasa abin yi. In wannan ba soshiyoloji bane to ku faɗa min menene.

Kuma shi Jerolmack bai tsaya a jarida ba, ya yi shekaru yana hawa rufin gidaje a Brooklyn wajen masu tashin tattabara, tsofaffi 'yan asalin Italiya da samari baƙar fata da 'yan Puerto Rico, mutanen da a ƙasan bene da wuya su haɗa hanya amma a sama tsuntsu ya mayar da su malami da almajiri. Ya je Berlin ya zauna da Turkawa 'yan ci-rani da ke kiwon irin tattabarun ƙasarsu don su riƙa jin ƙamshin gida. Ni wannan ɓangaren ne yafi taɓa min zuciya, don duk wanda ya taɓa zaman baƙunta ya san ƙaramin abu ne ke riƙe mutum.

In kuma wani ya ce ai wannan hirar masu ƙoshi ce, to ga wadda ta shafi rai. A 2009 da aka shiga tsoron murar aladu, gwamnatin Masar ta ba da umarni a kashe aladun ƙasar, wajen 300,000, duk da cewa hukumomin lafiya na duniya sun ce matakin ba shi da amfani. Ba maganar halal ko haram nake ba, ku fahimce ni. Aladun nan na Zabbalin ne, masu kwashe sharar birnin Alƙahira, yawancinsu Kiristoci Kibɗawa mazauna gindin dutsen Mukattam, su ke bi gida gida su kwaso shara su tsince roba da ƙarfe da takarda su sayar, ragowar abinci kuma su zuba wa aladu. Da aka kashe dabbobin sai kwasar ragowar abincin ta daina biya, suka rage kwashewa, shara ta taru a titunan birnin tana ruɓewa. Likita ba zai hango wannan ba, injiniyan tsafta ma ba lallai ba, sai wanda ya shiga unguwar ya zauna ya ga yadda mutum da dabba da shara suke a ɗaure da juna.

Haka labarin ungulu a Indiya. Daga shekarun 1990 suka fara mutuwa, wasu nau'in sama da kashi 95 cikin ɗari suka ƙare, sai a 2004 aka tabbatar da cewa maganin ciwo ne mai suna diclofenac da ake yi wa shanu, in ungulu ta ci mushen sai ƙodarta ta lalace, aka hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. An ce ungulu bata jewar banza, to ashe jewar nan aikin tsaftar gari take yi kyauta ba wanda ya lura. Da ta tafi mushe ya zauna yana ruɓa, karnuka marasa gida suka samu abinci suka yawaita, al'ummar Parsi ta Mumbai, mabiya addinin Zoroaster, da addininsu ya tanadi a bar gawa ga tsuntsaye suka shiga ruɗani a kan yadda za su yi da mamatansu. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulun ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin rabin miliyan a farkon shekarun 2000. Rabin miliyan fa jama'a.

Amma ba zan yi mata ƙarya ba, kuma na faɗa mata ido da ido, hanyar akwai wuya. Fannin nan a tsakiya yake, 'yan soshiyoloji na ganinka kamar ɗan kimiyyar halittu, su kuma can suna ganinka mai surutu da ba shi da dakin gwaji, sai ka rubuta neman tallafin bincike kowane ɓangare ya turo ka ɗayan. Samun sufabaiza da zai yarda ya ɗauke ka ma aiki ne. Ga binciken kansa ba na zaman ofis bane, wata da watanni za ka yi a mayanka da bola da bakin kasuwa kana jiran mutane su saki jiki da kai, in karnukan titi ne ma sai ka fara yin allurar rigakafin ciwon haukan kare kafin ka fara. In an gama kuma guraben aiki basu cika fitowa da sunan dabba ba, da sunan nazarin birane ko muhalli ko lafiyar al'umma suke fitowa. Shi yasa na ce mata ƙanwata ki riƙe ginshiƙan fannin da hannu biyu, talauci da bambancin mai kuɗi da talaka da ƙaura da mulkin birni, dabbar ta zama ƙofar da kike shiga ta ciki, yadda duk kwamitin da ya karanta aikinki zai ga soshiyoloji tsantsa.

Ina da ƙorafina ma a kan fannin shi kansa, gaskiya ɗaya ce. Rubuce-rubuce da yawa sun tattara a kan karen gida da magen gida na ƙasashe masu kuɗi, da wani irin zurfafa falsafa da ko ɗalibin fannin sai ya karanta sau uku. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan duka a Asiya da Afirka, kuma da yawansu yara ne. Wa ke ciyar da karnukan nan, wa ke jifansu, wace unguwa ce ake kai wa rigakafi wace ce ake zuba wa guba, me yasa mai jaki ke kwana da tunanin dabbarsa fiye da kansa amma ranar da aka tashi gyaran titi shi ake fara kora? Istanbul ta kwashe dubun dubatar karnuka a 1910 ta zube su a wani tsibiri suka mutu da yunwa da ƙishi duk don birnin ya yi kama da na Turai, kuma a 2024 majalisar Turkiyya ta sake yin doka a kan karnukan titi mutane suka fito zanga-zanga. Shekara ɗari da goma sha huɗu ana abu ɗaya.

Fiye da rabin mutanen duniya a birane suke yanzu, a 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen za su kai kashi 68 cikin ɗari nan da 2050, kuma yawancin sabbin cututtukan da ke ɓullowa daga dabbobi suke tsallakowa. Masu yin irin wannan bincike a biranen da ke girma da sauri kaɗan ne ƙwarai.

Jiya da daddare ta turo min daftarin farko na tsarin bincikenta, shafi shida. Ta zaɓi masu dako da jakuna da keken shanu a gefen birni, tana so ta bi su shekara guda ta ga me ke faruwa da iyalinsu duk lokacin da aka hana su wata hanya. Na yi mata gyara a wurare uku, na ce ta ƙara karanta tarihin dokokin birnin kafin ta fita fili, sannan na tura mata sunayen malamai biyu da nake ganin za su saurare ta. Ranar Litinin in Allah ya kaimu za ta je wajen na farko.