Harshe ana ruɗarsa, amma lissafi na kama jabun giya

A 2008 wani mai gonar inabi a Burgundy ta Faransa, Laurent Ponsot, ya taso takanas har New York don ya ji za a yi gwanjon kwalaben wata giyar gidansu mai suna Clos Saint-Denis masu ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971, alhali su sai 1982 suka fara yin wannan giyar. Wanda ya kawo kayan, Rudy Kurniawan, ashe a gidansa a Kalifoniya yake gauraya masu araha ya ɗura a tsofaffin kwalabe ya manna takarda, kuma masu ji da kansu a ɗanɗano sun sha sun yaba. A 2014 aka yanke masa shekara 10.

Ni giya ba ta gabana, addinina ya hana, amma wallahi hanyar da suke bi su tona algus ta tsaya min a rai. Ruwan saman da itacen inabi ya sha da ƙasar da ya tsiro duk suna barin alama a cikin ruwan inabin, to sai a auna sinadaran a tara alƙaluma a kwatanta. A 2023 masu bincike na jami'ar Geneva da ta Bordeaux suka auna giya 80 daga gonaki 7, na shekaru 12 tsakanin 1990 da 2007, suka ba kwamfuta, ta ware kowace gona ba kuskure ko ɗaya, amma da aka zo shekara kusan rabi kawai ta canka, kun ga abin yana da iyaka.

Inda nake so a kula shi ne lissafin nan ba ya aiki sai da abin kwatance na gaskiya. Tarayyar Turai tun farkon shekarun 1990 take tsinko inabi daga gonaki duk shekara tana ajiye sakamakon awonsa, da shi ake gane an ƙara ruwa ko sukari.

Mu kuma fa? Har yau mai sayen zuma tsoma ashana yake ya kyasta, ko ya ɗiga a kofin ruwa ya zuba ido, alhali awon sinadarin kabon da ke cikin sukari, wanda ke kama sukarin rake a giya, yana kama shi a zuma. Jami'o'inmu su fara tara samfurin zumar kowane yanki daga hannun masu amya, su auna su ajiye.