Masana'anta ko Dillali? Magana ga Masu Sayar da Jaka a Intanet

'Yan uwa masu ɗora hoton jaka a WhatsApp da Instagram, sai kwastoma ta biya sannan ku yi oda a tura mata, akwai shawarar da ake ta yaɗawa da ke damuna: wai ku tsallake dillali ku nufi masana'anta, riba duk ta zama taku. Ga mai ƙaramin jari, ban yarda ba.

Masana'antun jaka na Shiling da ke Guangzhou, ko na Baigou a lardin Hebei, duk a ƙasar Sin, ba sa tayar da keken ɗinki saboda jaka biyar. Sai ka ɗauki da yawa, sau tari a kowane launi, ka ba da kafin alƙalami, ka zauna jiran makonni. Alhali sana'ar nan an gina ta ne a kan rashin ajiye kaya. Ranar da ka jibge kwalaye a ɗaki ka koma ɗan sari, kuma yayin jakar mata ba ya jiran kowa.

Sannan da yawan masu kiran kansu masana'anta a Alibaba, kasuwar sari ta intanet, 'yan tsakiya ne. Leƙa shagon: in ka ga jaka, ga agogo, ga murfin waya, to saro su yake yi.

Ni dillalin da nake karewa shi ne wanda zai sayo maka a 1688, shafin sari na cikin gida na ƙasar Sin, ya buɗe ledar, ya ja zif sau uku ya gani ko yana cijewa, ya ɗaga jakar ya duba ɗinkin gindin hannu, inda take fara yagewa, ya kankari fatar robar da farce ko za ta saɓule. Ya turo maka hoton gaske kafin kaya su hau jirgi, domin in sun iso Kano babu zancen mayarwa. Wannan ya ci la'adarsa halak malak. Wanda kuwa hoto kawai yake turowa ya ɗora kuɗi, bai taɓa riƙe jakar ba, shi ne ya kamata a guje wa.

Ku kuma tuna masana'antun Sin na rufewa lokacin bikin sabuwar shekararsu, cikin Janairu ko Fabrairu. A lokacin nan mai kaya a sito ne kaɗai zai fitar da kai kunyar kwastoma.

In wata jaka ta kama kasuwa, ana ta neman ta wata bayan wata, sai ka nemi masana'anta, ka fara karɓar samfur guda ka riƙe da hannunka kafin ka tura ko sisi na manyan kaya.