Wa Zai Ba Mu Labarin Jaki Daga Bakinsa?

Ranar wata Asabar na shiga ɗakin 'yata, mai shekara tara, na tarar da ita tana kuka da littafi a hannu. Na ce, "Lafiya? Wa ya taɓa ki?" Ta ce, "Baba, Ginger ta mutu." Gabana ya faɗi, na ɗauka wata ƙawarta ce ta makaranta. Ashe goɗiya ce, a cikin littafin Black Beauty da ta aro daga laburaren unguwarmu a nan Ingila.

Dariya na fara yi. Da dare ya yi na ɗauki littafin, ban ajiye shi ba sai wajen ƙarfe biyu.

Anna Sewell ce ta rubuta shi, ya fito a 1877, kuma shi kaɗai ta rubuta a duniya. Watanni kaɗan bayan fitowarsa ta rasu. Tun tana budurwa ta samu rauni a ƙafa, don haka keken doki ya zama ƙafarta, ta san doki ciki da bai. Abin da ta yi shi ne ta ba doki baki. Shi ke ba da labarinsa da kansa: yadda aka riƙa sayar da shi daga hannu zuwa hannu, yadda ya ja keken haya a titunan Landan, yadda ake ɗaure masa wata igiya da ke ɗage kansa sama don ado, wuya na ciwo, ga kaya, ga hawan tudu. Ba ma don yara ta yi shi ba, masu kula da dawaki ta nufa. Yara ne suka karɓe shi daga baya.

Sai na tuna namu. Mu ma da dabbobi muka tashi. Bayan isha'i a tsakar gida, kaka ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," mu ce, "Ta zo mu ji ta." Ga Gizo da tsamin bakinsa, ga Ƙoƙi tana fama da shi, ga kura uwar kwaɗayi, ga dila malamin daji. Har yau ban ga littafin Turawa da ya kai tatsuniyar Gizo ban dariya ba, kuma na karanta wa yarinyar nan da yawa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: waɗannan ba dabbobi ba ne, mutane ne sanye da fatar dabba. Kura maƙwabcin nan ne mai haɗama. Dila kuwa kowa ya san irinsa a fada. Ko akun nan na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya sa ya tsare ɗan sarki da labarai, mai hikima ne da fukafukai, shi ya sa ma ya ƙare a matsayin waziri. Idan aka lakaɗa wa kura duka mu tuntsire da dariya, don mun san wa ake nufi. Babu wanda ya taɓa tambayar ko bayanta ya yi tsami.

Ta fuskar labaran kasada ba mu da abin jin kunya. Gasar rubuta littattafan Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma yaron da ya bi Umar a cikin littafi ya ƙetare sahara bai rasa komai ba don bai hau jirgin ruwan da ke cikin littafin Treasure Island ba. Wasu na Turawan ma, irin su King Solomon's Mines, sai da na zauna kusa da 'yata ina gyara mata abin da aka faɗa game da baƙar fata.

Inda nake ganin gibi shi ne wajen tausayi. A gidanmu akwai jaki da ake ɗebo yashi da shi daga rafi. Bayansa duk miki, ƙudaje na bi, a ɗora mangala a kan mikin, a bi shi da sanda. Ni kaina na doke shi ba sau ɗaya ba, ga harbin ƙadangare da danƙo da muka mayar da shi sana'a. Ba wai ba a faɗa mana ba ne. A makarantar allo da wajen wa'azi mun ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Mun haddace su. Amma haddar hukunci daban, ka yi zaman shafi ɗari biyu a cikin fatar dabba daban. 'Yata ba ta taɓa hawa doki ba, amma da na nuna mata bidiyon hawan sallah, ni ina kallon lifidi da alkyabba, ita bakin dokin take kallo, tana tambaya ko linzamin nan ba ya yi masa zafi.

Kada a ce na zama Bature. Mutanen nan suna da nasu wuce gona da irin, ka ga kare da rigar sanyi, ga mutum kwance a bakin kanti ba mai kallonsa. Amma marubutanmu da suka cika kasuwa da littattafan soyayya, ko ɗaya bai ga jakin 'yan yashi ba? Ko raƙumin da ke ɗauko gishiri daga Bilma?

Na ba ta labarin jakin namu, ta ce mene ne sunansa. Na yi shiru. Ba shi da suna, sai dai a ce duna, saboda baƙi ne. Ta ce to ai ya samu, in fara. Yanzu dare uku ke nan ina ba ta labarin Duna da bakinsa, kuma har yanzu ban yi ƙarfin halin kawo wurin da yaron gidan ya ɗauko sanda ba.