Taron otel ba shi ne jin ta bakin jama'a ba

An sake yi. Hari a gabashin Sakkwato, sai taron "masu ruwa da tsaki" a cikin birni: babban tebur, ruwan gora, jawabi da Turanci, hoto. Da yamma sanarwa ta fito cewa an tuntuɓi jama'a kan aikin 'yan sanda. Wace jama'ar? Ɗan kabu-kabun da ke miƙa na goro a kowane shinge bai ga katin gayyata ba, balle matar da mijinta ya kwana huɗu a bayan kanta ba a kai shi kotu ba.

Doka dai akwai ta. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin al'umma daga matakin jiha zuwa na DPO, a shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 13 don shirin aikin 'yan sanda tare da al'umma. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC, yana nan tun 1984. Inda gizo ke saƙar shi ne wanda za a yi ƙorafi a kansa shi ne mai masaukin baƙi. A harabar caji ofis ake zaman kwamitin, sau da yawa ofishin DPO ke fitar da sunayen waɗanda za a gayyata, shi ke buɗe taro, shi ke rufewa. An ba kura ajiyar nama ke nan. Uban ƙasa da liman da shugaban 'yan kasuwa mutanen kirki ne, amma kowannensu yana da buƙata a wurin DPO gobe, ba zai tsinka shi a bainar jama'a yau ba.

A Isa da Sabon Birni abin ya wuce kunya. Wa zai miƙe cikin taro ya ce an kira waya da ƙarfe ɗayan dare ba a zo ba sai da gari ya waye, ko ya faɗi hanyar da ɓarayin daji ke bi, alhali bai san ko na kusa da shi infoma ne ba? Sai ya yi gum, sakatare kuma ya rubuta "babu ƙorafi".

Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda tana da ikon ladabtar da kowane jami'i in ban da Sufeto Janar, amma hedikwatarta tana Abuja, kuma ƙorafin da ba suna, ba muƙami, ba rana, ba shaida, da wuya ya je ko'ina. Manomi a Gudu bai karanta sunan da ke ƙirjin wanda ya mare shi ba. Sashen karɓar ƙorafi da aka buɗe a 2015 yana aiki ta waya da WhatsApp, sai dai na rundunar ne da kanta, kuma ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato.

Masu cewa 'yan sandan jiha ne maganin komai su fara gaya mana wa zai saurari ƙorafi a kan yaran gwamna. Masu kare PCRC da cewa sun saya wa ofis tayoyi da man fetur kuwa, ai gudummawa suke lissafawa, ba sa ido ba.

Abin takaicin, akwai ma'auni a hannu an ƙi amfani da shi. Doka ta ce majistare ya riƙa ziyartar caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kame, har ya ba da beli inda ya dace. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 24 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu awa 48. To a karanto wannan a taro: mutum nawa aka tsare, nawa suka wuce wa'adi, nawa suka biya kuɗin belin da aka manna a bango cewa kyauta ne. A yi zaman ranar kasuwa, da Hausa da Fulatanci, mata a nasu zauren, 'yan sanda su fita waje na awa ɗaya. Zama na gaba kuma a fara shi da alkawuran da aka ɗauka a na baya.