Yaron da ya ce "lafiya lau" ya yi shiru ba taurin kai ke damunsa ba

Iyaye da yawa in yaro ya dawo makaranta suka ce "ya makaranta?" ya ce "lafiya lau" ya wuce, sai su ɗauka miskilanci ne ko dai bai gane komai a aji. Wallahi ba haka ba ne. Yaro ɗan shekara 4 ko 5 tambayar ta yi masa faɗi, wuni guda ne cur kika ɗora masa ya tattaro a jimla ɗaya, ga gajiya ga yunwa, an matso shi a keke napep tun daga Kawo har Tudun Wada cikin rana, ko jakarsa bai sauke ba kin tsare shi a bakin ƙofa.

Bari ya cire yunifom ya ci abinci tukuna. Sannan ki rage tambayar ta zama ƙarama: wa ya zauna kusa da kai yau? Me ka saya lokacin tara, alawa ko biskit? In ya yi shiru ki jira, kar ki cika masa maganar, kansa ne ke lalubo kalmomi.

Ni abin da ya fi min aiki da ɗana shi ne in fara ba shi labarina, "yau a Kasuwar Barci na ga akuya ta sace tumatir", sai ka ji ya ce "Umma mu ma kyanwa ta shigo ajinmu!" Kuma don Allah in ya faɗi wani laifin da ya yi kar a hau shi da faɗa nan take, gobe ba zai sake buɗe baki ba.