Bayahude a wannan ƙofa, bare a waccan

Duk sanda aka tada maganar auren Bayahude da wanda ba addininsu ɗaya ba, ango da amarya ake kallo. Ni kam yaran nake dubawa, don su ake bari da jidalin.

A Amurka abin ya zama ruwan dare. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 61 cikin ɗari na Yahudawan da suka yi aure daga 2010 zuwa lokacin, bare suka aura. In aka ware 'yan Otodoks masu riƙo da gargajiya, lissafin ya haura zuwa 72.

To ɗan fa, na wa ne? Mu nan mun saba ɗa uba yake bi, ko da Musulmi ya auri Bayahudiya ko Kirista. Yahudawa kuwa dokar addininsu uwa take bi. In uban ne kaɗai Bayahude, sai yaron ya shiga addinin kamar kowane baƙo. A 1983 malaman ɓangaren Rifom, masu sassaucin ra'ayi, a Amurka suka ce sun karɓi ɗan uba, muddin a addinin aka rene shi. Otodoks suka ce ba su san zancen ba. Sai ka ga yaro ya cika shekara 13, ya tsaya gaban jama'a ya karanta Attaura, dangi suna ta murna, amma a wani wurin ibadar ko cikin mutum goman da ake buƙata don ibadar jam'i ba za a ƙirga shi ba.

Na Isra'ila ya fi ɗaure kai. Tun gyaran da aka yi wa dokar komawa ƙasar a 1970, jikan Bayahude ma yana da damar zama ɗan ƙasa. Haka dubban ɗaruruwa suka shigo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet ba tare da malamai sun yarda Yahudawa ne ba. Saurayi ya tashi da Ibrananci a baki, ya yi aikin soja, ranar da ya zo neman aure a ce masa uwarsa ba ta cika sharaɗi ba. Ƙasar ba ta da auren kotu, na Yahudawa duk a hannun hukumar malamai yake, shi ya sa da yawa suke hawa jirgi zuwa Sayifurus su ɗauro, su dawo gwamnati ta yi musu rajista.

Masu adawa da wannan aure suna da hujja, ban musa ba. Pew ɗin dai ta ce kashi 28 ne kawai na irin waɗannan iyaye suke renon 'ya'yansu a addinin Yahudanci, alhali inda uwa da uba duk Yahudawa ne kashi 93 ne. Kowane addini yana da ikon shata iyakarsa. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne gwamnati ta karɓi yaro ranar ɗaukar soja, sannan ta miƙa aurensa ga hukumar da ta san ba za ta ɗaura ba.