Wuta Ta Kashe, Mai Gyara Ya Binne: Halin da Masu Gidan Gem ke Ciki a Kaduna

Duk mai gidan gem a Kaduna, a Tudun Wada yake ko Rigasa ko Kawo ko Unguwar Sanusi, ya san kuɗin da samari ke biya su buga ƙwallo a na'urar wasa ta PlayStation, wato PS, ba a aljihunsa suke kwana ba. Mai fetur ya karɓi nasa, mai sayar da pad, abin da ake riƙewa a hannu ana wasan, ya karɓi nasa, mai gyara ya kwashe sauran. Abin da ya fi ƙona rai kuma, ranar da na'urar ta mutu sai a ce masa ai dama PS ba ta da ƙwari. Wallahi ƙarya ce. PS4 ta fito tun 2013, kuma har gobe akwai 'yan farkon fitowa da ke aiki lafiya lau a inda wuta take tsaye. A nan kashe ta ake yi.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Akwatin wutar da ke cikin PS5 da yawancin PS4 an yi shi ya ɗauki daga 100 zuwa 240, don haka ƙarancin wutar nan da ke sa fanka ta riƙa jan ƙafa da magariba ba shi ne babban makashinta ba. Makashin shi ne wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, sai kuma tsinkewar wayar nutiral a kan falwaya ko a jikin transifoma. Idan wannan wayar ta saki, wutar da ke shiga wasu gidajen kan haura ta doshi 400, kuma babu na'urar da za ta sha. Layi guda a wayi gari talabijin, firji, caja, PS, duk sun tafi. Ba mai zuwa ya ce a yi haƙuri, balle a yi zancen diyya, amma in ka yi jinkirin biyan bil za a zo da tsani a yanke maka. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit bisa alkawarin awa 20 a rana. To ingancin wutar fa, wa ya ɗauki alhakinsa?

Sai bawan Allah ya ruga kasuwa neman sitabilaiza, can ma a cuce shi ta hanyar yin shiru. Ya ga an rubuta 1000VA a jiki, ya ɗauka wat dubu ne. Abin da zai iya ɗauka bai wuce wat 600 zuwa 800 ba, idan kuma wutar da ke shigowa ta yi ƙasa sosai, ƙarfin nasa ƙara raguwa yake. PS5 tana cin wajen wat 200 ana cikin wasa, talabijin mai inci 43 ta ƙara kamar 80. Saiti uku kawai sun haura 800. Mai shago ya san wannan lissafin sarai, amma ƙaramin ne mai saurin fita, shi zai miƙo maka. Ba zai nuna maka maɓallin jinkirin da ke hana wuta wucewa nan take in ta dawo ba, alhali shi ne rabin amfanin abin. Ba zai gaya maka sitabilaiza ba ya riƙe wuta in an ɗauke ba. Wannan aikin UPS ne, akwatin da ke ajiye wuta a batir, shi ma ƙaramin mai 650VA batir ɗaya ne a cikinsa, mai bolt 12 da 7Ah, 'yan mintoci zai ba ka ka kashe saiti guda. In batirin ya daɗe a sito ba caji, ko 'yan mintocin ba za ka samu ba.

Ita kuwa wayar jona kaya da ake sayarwa a baro, kankare bakinta da reza ka gani. In jan ya tashi fari ya bayyana, alminiyom ne aka shafa wa ruwan tagulla. Buɗe filogin: na kirki yana da fiyus mai amfiya 13, na banza ba komai a ciki. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ba shi da abin daidaita wuta, in mai ya kusa ƙarewa ya fara shaƙewa yana tashi, wutar ma haka take hawa da sauka. Tunda aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowa sai ya tatse tanki tas, kuma a wannan minti na ƙarshe ake yin asarar. A kashe na'ura, a jira fitilarta ta daina ƙyaftawa, a zare filogi, sannan a juya layi.

Masu gyara kuwa, a wurinsu takaicin ya fi yawa. Akwai na Allah a cikinsu, amma 'yan ganganci sun yi yawa. Idan wuta ta ɗauke PS4 tana tsakiyar rubuta bayani a had-dis, jerin wasannin kan rikice, ta riƙa sanƙarewa ko ta ƙi buɗe wasa. Maganin sau da yawa ba ya buƙatar ko sukundireba. A kashe ta gaba ɗaya, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa bakwai har a ji ƙara ta biyu, a jona pad da waya, a shiga shafin gyara da ake kira Safe Mode, a zaɓi lamba 5, Rebuild Database, wato sake tsara jerin. Ba ya goge wasa ko ɗaya. Amma sai a karɓi na'urar mutum a ce ya dawo jibi, a danna lamba 6 ko 7 da ke share komai, sannan a caje shi kuɗin gyara, a sake cajinsa kuɗin loda wasannin da aka goge masa da gangan. Wasan ƙwallo ɗaya ya kan ci gigabait arba'in zuwa sama, ga data ta ƙara tsada tun da aka amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Wannan in ba zalunci ba mene ne?

Ga ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana cusa ta cikin kowace kafa, sai Maris da Afrilu su iso da zafinsu. Sony ta rubuta a takardar na'urar cewa a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 zuwa 35, a bar mata aƙalla santimita 10 tsakaninta da bango. Shago mai rufin kwano ba silin, samari goma a ciki, ya wuce haka nesa ba kusa ba, sannan a kulle na'urar cikin akwatin katako don tsoron ɓarayi. Fanka ta fara ihu, allo ya nuna ta yi zafi, ta mutu. Gyaran gaskiya shi ne a kwance ta da sukundireba mai bakin tauraro, T8 ko T9 mai rami a tsakiya, a ciro ƙurar da ta daskare a haƙoran ƙarfen sanyaya, a goge tsohon man sanyaya da ke kan ƙwaƙwalwar na'urar da sifirit mai tsabta, a ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake. A leƙa akwatin wuta ma, don kyankyasai na son ɗuminsa, kuma ɗaya ya isa ya haɗa wuta. Me ake yi a maimakon haka? A sa bulowa daga waje ba tare da an riƙe fankar ba, ta yi ta juyawa fiye da ƙima har ta lalace, ƙurar kuma ta ƙara nutsewa ciki. Ko a lafta farin man nan mai arha da ke bushewa cikin 'yan watanni. PS5 ta fi haɗari: ruwan ƙarfe ne a kan ƙwaƙwalwarta a maimakon man, yana ɗaukar wuta, ɗigo ɗaya ya zuba a kan allon ciki an gama. Mai share ƙura ba shi da dalilin isa wurin ko kaɗan, domin in an zare murfin akwai ramukan da aka tanada don zuƙe ta. Wanda bai taɓa koyo ba ya ce bai iya ba mana! Me ya sa sai a kan jarin wani za a koyi aiki?

Pad kuma kasuwarsa ta zama abin kunya. Ana sa na jabu a kwali mai kyau a kira shi orijina, a karɓi kuɗin orijina. Na gaskiya na PS4 yana da nauyin wajen giram 210 da batir mai 1000mAh. A gwada kafin a biya: a ja yatsa a kan faifan taɓawar tsakiya a ga ko yana bin yatsan, don na jabu da yawa dannawa kawai yake yi, a sa abin sauraro a ramin ƙasa a ji ko sauti na fita. Idan ɗan wasa ya fara tafiya da kansa ba a taɓa sanda ba, layin gawayin da ke cikin ma'aunin sandar ne ya cinye ko ƙura ta shiga. Sifirit mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama kan taimaka na ɗan lokaci, gyara mai ɗorewa kuwa sai an cire gidan sandar dungurungum, ƙafa 14 ne da darma, a dasa sabo. Masu fesa fetur ko turare a ciki suna narkar da roba ne kawai. Cajin pad bolt 5 ne, kuma cajar ɗari biyar ɗin nan marar tsayayyiyar wuta ita ke ƙona ɗan allon cajin.

Masu kawo na hannu su ma su ji tsoron Allah. A sayar wa yaro na'ura cike da wasanni, ba a gaya masa a kan asusun wani suke ba, bayan wata guda ya ga alamar kwaɗon kulle a kan kowanne. Ko a sayar masa da wadda aka yi wa kutse don ta buɗe wasannin kwafi, ba a gargaɗe shi kada ya sabunta ta a intanet ba, ya sabunta, komai ya rufe. Ya koma shago a nuna masa rubutun da ke jikin rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa.

Wannan rubutun na rasit bai fi ƙarfin doka ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya zo da aibi ko wanda ba shi aka siffanta masa ba. Hana shigowar waya da caja marasa inganci kuma aikin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ne, ga su nan jibge a kasuwanninmu a bainar jama'a. Shugabannin 'yan kasuwa da na masu gyara a garin nan sun san masu wannan aika-aika ɗaya bayan ɗaya, su tsawata musu. Kai kuma ɗan'uwa, kada ka ƙirga kuɗi sai an kunna na'urar a gabanka ta yi rabin awa ana wasa, an rubuta lambar jikinta da kwanakin garanti a rasit. In gyara ka kai, ka ɗauki hoton lambar da ta had-dis ɗin, ka ce a kira ka kafin a goge ko a canza komai, kuma duk abin da aka ce an cire a ba ka tsohon a hannunka.